Idon da Ya Fi Ɗan'uwansa Kyau

Auta ta daɗe tana zana kwalin sabulu. A wani kamfanin ɗab'i take aiki, a saman bene, kusa da wata taga da aka yi ta shafa wa fenti har ta manne, ba ta buɗuwa. A ƙasa injuna ne ke gurnani tun safe, girgizarsu tana hawowa ta ƙafafun kujera ta shiga ƙashin bayanta. Wani lokaci sai ta lumshe ido ta ji kamar a cikin jirgin ruwa take, benen gaba ɗaya yana tafiya a hankali, da ita da kwamfutarta da kofin shayinta, zuwa wani gari da ba a yin wanki.

Ta iya aikin, wannan babu musu. Makarantar koyon zane ta yi, kuma malamanta sun sha cewa hannunta yana ji. Amma masu sabulu ba ji suke nema ba. Kumfa suke so ta ƙaru, murmushin matar da ke riƙe da farar riga ya faɗaɗa, ja ya ƙara ja. In sabulu ya ƙare sai kwalin biskit, in biskit ya ƙare sai kalandar wani shagon sayar da taya.

Wata rana da hantsi aka ba ta wani kwali ta sa masa sararin sama a baya. Ta fara da shuɗi kamar kullum, sai ta tuna da launin da sama ke yi da yamma bayan ruwa ya ɗauke, wanda ba shuɗi ba ne kuma ba toka ba, ta shiga nemansa. Ta ɗiga ja, ta janye, ta ƙara fari, ta koma baya. Ba ta farga ba sai da ta ga inuwar Manaja a kan allon, masu kwalin kuwa suna ƙasa suna jira tun ɗazu.

"Auta," ya ce, don sunan gida ya biyo ta har ofis, "wannan saman ta masu baƙin ciki ce. Wa zai sayi sabulu a ƙarƙashinta?" Ya jawo kujera ya zauna, don shi ba mugun mutum ba ne. "Jikinki dai ina ganinsa kullum, ba ya makara. Ke ce kwana biyun nan ban san inda kike ba."

Ta yi dariya, ta ba da haƙuri, ta mayar da saman shuɗi shar. Da yamma ta koma ɗan gidansu, inda take zaune da yayarta, mai aiki a kantin magani, da mahaifinsu, tsohon direban jirgin ƙasa wanda yanzu aikinsa zama a baranda da gardama da rediyo. Ta shiga kicin ta ɗauki wuƙa da albasa, ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno. A nan Yaya ta same ta hawaye yana zuba.

"Ikon Allah," in ji Yaya. "Albasar ma ba ki yanka ba tukuna, kukan na mene ne?"

"Ni ma ban sani ba, Yaya. Babu wanda ya yi mini komai."

"Shi ne ya fi muni ai." Yaya ta karɓi wuƙar ta ajiye. Ita mace ce da ba ta yarda da ciwon da ba shi da magani ba. Ta ce akwai wata mata da ke zuwa kantinsu sayen man shafawa na gwiwa, aikinta ba mutane shawara a kan sana'a, kowa Anti Mai Shawara yake ce mata. "Ki je ki gan ta. In ba ta yi miki amfani ba, aƙalla kin sha iska."

Ofishin Anti wani ɗaki ne a bayan ɗakin karatu na unguwa, da an bi ta lungun da ake jingine kekuna. Tsire-tsire ne cike da shi, a cikin tsofaffin gwangwanayen fenti, wasu sun kama igiyar labule sun hau har silin, hasken ɗakin ya zama kore-kore kamar na ƙarƙashin ruwa. Anti mace ce mai jiki, tana ɗingishi, ta shafe rayuwarta a ofishin samar wa mutane aiki kafin ta yi ritaya ta buɗe nata. Ta zuba wa Auta shayi, ta ɗora ƙafarta mai ciwo a kan wani kwali.

Auta ta shirya amsar tambayar da ta san za a yi mata, wato me take so ta zama. Ba a yi ta ba.

"'Yata," in ji Anti, "ba ni labarin ranar da kika yi aiki har kika manta da yunwa."

Auta ta juya kofi a hannunta. Can ta ce tun tana makaranta ne. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta zauna a bakin ƙofa tana tsefe wata tsohuwar rigar sanyi don ta sake saƙa ta, ita kuma ta zauna a gabanta tana zana fuskarta, tun rana tana tsaka har inuwa ta rufe su.

"Zanen ne ya riƙe ki, ko tsohuwar?"

"Ban taɓa raba su ba, Anti."

"To kada ki raba tukuna." Anti ta kurɓi shayi. "Masu irin baiwarki da suke zuwa nan, ƙofa biyu kawai suka sani. Ko su yi wa wani talla, ko su yi suna a rataya zanensu a bango mutane suna tsayawa suna kaɗa kai. In ɗaya ta ƙi, ɗaya ta gundure su, sai su ce duniya ta ƙare. Alhali gidan ƙofofi gare shi har ta baya. Ke wacce kike mafarki?"

"Ta bangon," Auta ta ce, kunya ta kama ta.

"Ba abin kunya ba ne, ni ma da waƙa na so yi, Allah ya taimaki masu kunne." Ta yi dariya har kwalin ya girgiza. "Ga abin da za ki yi. Kada ki bar aikinki. Ki ɗauki hutunki na shekara, zan tura ki wajen mutanen da na sani, ki tsaya kusa da su suna aiki. Kada ki kalli wurin daɗin, kowa ya iya kallon wannan. Kowane aiki yana da shararsa. Ki duba wace shara za ki iya yi kowace safiya ba tare da kin tsani kanki ba."

Wurin farko gidan wasan kwaikwayo ne, wajen wani dogon mutum mai zana labulen bayan dandali. Ya ba ta buroshi mai kauri kamar tsintsiya da bokitin koren fenti, suka hau tsani suka zana daji mai tsawon gida. Auta ta ji daɗi har tana raira waƙa a kan tsanin. Da aka kunna fitilu ta koma kujerar ƙarshe ta zauna, sai ga bishiyoyin suna numfashi, kamar in ta taka za ta shige tsakaninsu ta ɓace. Amma duk lokacin da ta matsa kusa ta ɗauki ƙaramin buroshi don ta gyara ganye ɗaya, mutumin sai ya yi mata ihu daga ƙasa. "Ƙanwata, ja baya! Don mai kujerar ƙarshe muke zane, ganyenki babu mai ganinsa." Ta ja baya, zuciyarta tana can wajen ganyen.

Daga nan aka tura ta wajen wata mata mai zauren baje kolin zane. A nan ga bangon da take mafarki, fari tas, ga mutane suna kaɗa kai. Ta wuni tana kallon wani matashin mai zane yana bin baƙi da murmushi, yana bayyana wa kowa abin da shuɗin nan yake nufi, har muryarsa ta dishe. Ta tausaya masa, ta kuma gane cewa ita da an tambaye ta ma'anar shuɗinta, bayan labule za ta ɓuya.

Ta koma ɗakin tsire-tsire jiki a sanyaye, ta faɗi duk abin da ta gani.

"Wato kusa kike so," Anti ta ce. "Kuma ba ki son a yi ta tambayarki." Ta daɗe tana kallon silin. "Akwai wani dattijo a bayan asibitin ido. Idon roba yake yi wa waɗanda suka rasa nasu. Da hannu yake zana kowanne."

"Haba Anti! Ni fa mai zane ce, ba likita ba. Jini ma in na gani jiri nake ji."

"Shi ma ba likita ba ne. Je ki wuni ɗaya. In bai yi miki ba ki dawo ki zage ni, na saba."

Ɗakin dattijon siriri ne, dogo, da babbar taga ɗaya wadda rana ba ta shigowa ta cikinta kai tsaye, sai wani haske mai laushi da ba ya canzawa daga safe zuwa yamma. Ana jin warin roba da man fenti. Ma'aikatan asibiti Mai-Ido suke ce masa. Gajere ne, tabaransa mai kauri, furfura ta cinye gemunsa. Ya amsa gaisuwarta, ya jawo wani faffaɗan aljihun tebur don ya nuna mata samfur. Auta ta ja numfashi. Idanu ne jere a kan farin ƙyalle, baƙaƙe da masu ruwan ƙasa da masu ruwan zuma, dukansu suna kallon sama. Ta ji kamar ta shiga kasuwa kowa ya yi shiru ya juyo.

"Ki gaishe su," in ji Mai-Ido. "Ba sa amsawa, amma ba sa gulma."

Ba ta daɗe da zama ba aka shigo da wani mutum a gyara masa nasa. Dattijon ya sa yatsa ya ciro idon a hankali, Auta ta ga ramin da ke baya, ja-ja kamar cikin leɓe. Ɗakin ya juya mata. Ta fita da sauri ta zauna a gindin wata bishiya a farfajiya, ta sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinta. Ta yi niyyar tafiya gida. Har ta miƙe, sai mutumin ya fito ya wuce ta gabanta yana waya yana dariya, idanunsa biyu suna ƙyalli a rana, ya yi mata sannu da kai. Ta bi shi da kallo har ya sha kwana. Sai ta koma ciki.

"Kin dawo," Mai-Ido ya ce, bai ɗago ba. "Ni ranar farko amai na yi a takalmin maigidana. Wanke hannunki."

Wunin nan ya zama kwanaki. Ya nuna mata yadda ake ɗaukar siffar ramin da wani abu mai laushi kamar ƙullu, yadda ake zuba farar roba ta fito daidai da shi, yadda ake zana baƙin idon a kan wani ɗan faifai da bai kai farcen babban yatsa ba. Ya nuna mata jan zaren siliki da ake tsefewa har ya fi gashi siriri, a shimfiɗa shi a kan farin ya zama jijiyoyi. Daga nan a rufe da roba mai haske, a goge, a sake gogewa, a kuma gogewa, har kafaɗa ta ƙage. Ta lura hannunsa yana ɗan rawa in ya ɗauki ƙaramin buroshi, yakan dafe shi da ɗayan.

Wata safiya wata mata ta shigo sanye da baƙin tabarau, malamar firamare ce, ta manyanta. Hatsarin mota ne ya ɗauke mata idon hagu. Ciwon ya warke tuntuni, amma tabaran ba ta cire shi, ko a aji, ko a gida. Mai-Ido ya gama nasa ɓangaren, sannan ya miƙa wa Auta buroshin.

"Malama, wannan 'yata ce a aiki, ita za ta zana miki. In ta ɓata, ni za ki kama."

Aka zaunar da su gaban tagar, gwiwa da gwiwa. Malama ta kai hannu ga tabaran, ta tsaya.

"Ko maigidana ban bari ya kalle ni haka ba," ta ce a hankali. "In zan wanke fuska sai na kulle ƙofa."

"Ni lafiyayyen kawai zan kalla, Malama," in ji Auta. "Ki ɗauka likimo nake, ba ni nan."

Malama ta ɗan murmusa, ta cire.

Da Auta za a tambaya a da, cewa za ta yi idon irin wannan mata baƙi ne, shi ke nan. Da ta matsa kusa sai ta ga babu baƙi a ciki sai ɗigon tsakiya. Kewaye da shi launin shayi ne mai kauri, daga nan wasu siraran layuka suna fita kamar hanyoyin da ruwa ke yi a yashi bayan ya wuce, can gefe kuma wani wuri ya yi haske kamar an bar fitila a kunne a wani ɗaki mai nisa. Ta ji ƙarar asibitin ta janye. Ta ji kamar tana saukowa daga sama a hankali zuwa wata ƙasa zagayayya da ba a taɓa zana taswirarta ba, da koguna da tuddai, ita kaɗai aka ba izinin shiga. Hannunta yana haɗa fenti ba tare da ta duba ba.

Malama kuwa, da ta ga yarinyar ba ta kau da kai ba kuma ba ta yi fuskar tausayi ba, sai bakinta ya buɗe. Ta ba da labarin ajinta, da yaran da suke ce mata 'yar sanda saboda tabaran, da wata ɗaliba da ta taɓa tambayarta ko barci take yi a bayansa. Ta yi dariya, idon ya ƙanƙance, launin ya canza, Auta ta ce, "Don Allah Malama ki sake dariyar nan." Har ma'aikata suka tafi cin abinci suka dawo, su biyun suna nan.

Bayan matar ta tafi, Auta ta ci gaba. Wurin nan mai haske ta ƙara masa ɗan ruwan zinariya. Wani zobe mai launin toka da ta gani a bakin baƙin idon ta tsallake shi, don yana dusashe launin. Farin ta bar shi fari sol, jijiyoyin ta sa kaɗan. Da aka goge shi ya fito, ita kanta sai da ta riƙe numfashi. Tunda take ba ta taɓa yin abu mai kyau kamarsa ba. Mai-Ido ya ɗaga shi a hasken taga ya juya, ya ce, "Hmm," ya ajiye. Ta ɗauki wannan a matsayin yabo.

Ranar da Malama ta dawo, dattijon ya sa mata idon, ya ce ta ƙifta, ya miƙa mata madubi. Ta daɗe tana kallo. Auta tana tsaye a bayanta. Sai kafaɗun Malama suka fara girgiza, ashe dariya take, hawaye yana gangarowa ta ɓangarorin biyu.

"'Yata, wannan idon wace yarinya ne kika ba ni?" ta ce. "Wannan ai bai taɓa duba takardun jarrabawa ba. Bai taɓa jiran yaro mai zazzaɓi ba. Dubi yadda yake kallon ɗan'uwansa, kamar ya zo masa hutu daga birni."

Auta ta leƙa madubin. Gaskiya ne. Mata biyu ne a fuska ɗaya, ɗaya ta gaji, ɗaya ba ta san komai ba tukuna. Kunya ta rufe ta har ta rasa inda za ta sa hannunta.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba?" ta tambayi dattijon bayan Malama ta mayar da tabaranta ta fita.

"Da na faɗa, da kin ce tsoho ne ba ya son abu mai kyau. Yanzu kin gani da naki idon." Ya miƙa mata shi a cikin ɗan ƙyalle. "Ajiye wannan, naki ne, ya yi kyau ƙwarai. Ita kuma ki yi mata nata."

A gida ta kasa cin abinci. Ta nuna wa Yaya idon a tafin hannunta, Yaya ta yi tsalle ta koma bayan ƙofa tana salati. Baba kuwa ya sa tabarau ya duba sosai.

"In an tashi yi mini," ya ce, "irin wannan nake so. Ni ba ruwana da ɗan'uwansa."

"Baba, wasa kake, ni kuwa abin ya dame ni," in ji Auta. "Na yi abin da ya fi komai kyau a rayuwata, kuma bai yi ba."

"Bai yi wa wa ba?" Yaya ta ce daga bayan ƙofa. "Ke kike so a yaba, ita so take ta shiga aji. Don Allah nannaɗe abin nan, yana kallona."

Malama ta sake zuwa ta zauna gaban tagar. Wannan karon Auta ba ta tsallake komai ba. Ta sa zoben tokan nan. Ta sa ɗan rawaya-rawayan da ke kwance a farin, ta wajen hanci. Ta tsefe siliki ta shimfiɗa jijiyoyi da yawa, har da wata karkatacciya da ta yi reshe biyu. Abin mamaki, sai ta ji wannan ya fi wancan daɗin yi. Kowane tabo da ta sa kamar wata magana ce Malama ta faɗa mata ita kuma ta riƙe.

Da aka sa sabon, Malama ba ta yi dariya ba. Ta juya kai dama, ta juya hagu. Ta matso da madubin, ta nisanta shi. Sai ta ce, kamar da wata take magana ba su ba, "Ashe kina nan." Ta ninke tabaran ta jefa a jaka. A bakin ƙofa ta tsaya, ta kama hannun Auta da nata biyu ta riƙe, sannan ta fita farfajiya tana ƙifta ido cikin rana, tana tafiya a hankali kamar mai koyon tsallaka rafi.

Hutun Auta ya ƙare. Ta koma benen, ta zauna kusa da tagar da ba ta buɗuwa, ta ƙara wa wani kwali kumfa. Kafin wata ya ƙare ta shiga ofishin Manaja ta ce za ta tafi. Ya tambaye ta wane kamfani ne ya sace ta, ta faɗa masa gaskiya. Ya daɗe yana kallonta baki buɗe, sannan ya yi mata fatan alheri, ya ce in idonsa ya gaji da kwalaye zai neme ta.

Yaya ba ta ji daɗi ba da farko. Ta ce albashin ɗan koyo ba ya kai mutum ko'ina, ga karatu da asibitin ya ce sai ta yi kafin a ba ta shaidar aiki. Baba ne ya kashe rediyo, abin da ba ya yi, ya ce shi ya shafe rayuwarsa a kan layin da wani ya shimfiɗa, kuma ya ji daɗinsa, amma ba kowa aka haifa jirgin ƙasa ba. Yaya ta ce ai shi ke nan, an haɗe mata kai. Washegari ita ce ta sayo wa Auta farar rigar aiki, ta ce kada ta je ta ba su kunya.

Abin bai zo da sauƙi ba. Ta koyi sunayen tsokoki da ba ta taɓa sanin tana da su ba. Ta ƙona roba, ta fasa wata, ta yi wa wani dattijo ido da ya riƙa kallon gefe har aka sake. Akwai ranakun da babu zane ko kaɗan, sai guga da wanke kwanuka da warin da ke bin ta har cikin motar haya. Akwai waɗanda suka zo da fushi, akwai uwar da ta kawo 'yarta ta kasa shiga ɗakin. Amma ba ta ƙara zama a kicin tana kukan da ba ta san dalilinsa ba. A ƙarshen mako takan shimfiɗa takarda a baranda ta zana abin da ranta yake so, sama mai kowane irin launi, Baba yana gefe yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba.

Ta kai wa Anti wata shuka a gwangwani don godiya, ta tambaye ta yadda aka yi ta san wurin zai dace da ita.

"Sani? Ina na sani!" in ji Anti. "Na tura masa wasu kafin ke, ɗaya ko jakarsa bai dawo ya ɗauka ba. Ni ƙofa kawai nake nunawa, 'yata. Ajiye shukar can kusa da taga, ki zo ki taya ni murza gwiwar nan."

Da damina ta zagayo, wata safiya ana yayyafi, Mai-Ido ya sa hularsa ya ɗauki lema ya ce zai je ganin jikarsa a makaranta, ba zai dawo ba sai yamma. Auta ta tuna masa akwai mai zuwa. Ya ce ya sani, ya fita.

Wanda ya zo direban babbar mota ne a da, ƙato, ya cika kujerar har tana ƙara. Yanzu gareji yake tsaro, tun da wani ƙarfe ya fallatso ya same shi a ido. Ya leƙa bayan Auta yana neman dattijon.

"Ke kaɗai ce, ƙanwata?"

"Ni kaɗai ce, Yaya. In kana so ka jira shi, babu laifi."

Ya dube ta, ya dubi ƙananan buroshin da ta jera, ya sosa ƙeya. "A'a, bismillah. Amma ki yi mini wanda matata ba za ta gane in ina ƙarya ba."

"Wannan sai dai a canza duka biyun," ta ce.

Ya fashe da dariya har ya dafe ciki. Ta jira ya gama, ta juya kujerarsa ta fuskanci tagar. Ruwa yana gangarowa a jikin gilashin, hasken ɗakin ya yi taushi. Ta ce ya ɗan ɗaga haɓa, ya kalli kunnenta na dama. Ta matsa kusa. Nasa idon ya fi na kowa duhu da ta taɓa gani, amma can ƙasa, kusa da gefe, akwai wani ɗan wuri ja-ja kamar ƙasar bakin hanya. Ta lakato fenti, ta fara daga nan.